Motar da Za Ta Kai Malam Asibiti

Kebbe, 9 ga Mayu, 1960

Zuwa ga Yaya Ɗangiwa, mai gyaran wutar mota a tashar Tambuwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Ummu da yara.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Ni ce Madina, ɗiyar Malam Na'iya, wadda ka bari ko zane ban fara ɗaurawa ba shekarar da ka tafi soja. Na shiga ajin Yaƙi da Jahilci na mata, shi ya sa nika rubutu da hannuna. Ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Baba ba shi da lafiya. Tun bayan azumi ƙafafunsa sunka fara kumbura, yanzu kumburin ya kai gwiwa. In ya kwanta numfashi ba ya isarsa, sai a zaune shina barci, an jingina shi da bango. Karatun safe ma ya bari, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Malamin asibitin garin nan ya duba shi, ya ce ruwa ne ya taru a jikinsa, kuma abin ya fi ƙarfin kwalabensa, sai babban asibiti na Sakkwato. Ya ce kada a kuskura a ɗora shi kan doki ko jaki.

Mota ɗaya ce a garin nan, ita ce wadda maigidana ke ja. Mai ita mutumin Jega ne, ya tafi aikin hajji. Tana nan tsaye ƙofar gida cikin yashi, ta ƙi tashi. Fitila tana kamawa, oda tana kuka, amma in ya danna maɓallin tayarwa shiru, ko ƙas ba ta cewa. Hannun da ake murɗa ta da shi ta gaba, haƙoransa sun cinye tuntuni. Ya gwada haɗa wuta da sufana, tartsatsi ya tashi ya ƙone masa yatsu biyu. Samarin gari sun ce za su tura, ya ce a'a, in ta mutu tsakiyar daji ko cikin gulbi da marar lafiya a ciki, wa zai sake turawa?

An yi ruwan farko. Kai ka san hanyarmu. In gulbi ya kawo, sai kuma kaka.

Ban gaya wa Baba na rubuto maka ba. Na san akwai wani abu tsakaninku, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini. Kakarka da mahaifiyarsa ciki ɗaya sunka fito, kuma a gidan nan ka girma. Da wannan nika roƙonka, ka zo ka duba motar nan.

Maccido mai fataucin gishiri zai kawo maka wannan, shi zai dawo da amsa.

Ni ce ƙanwarka,
Madina

Tambuwal, 16 ga Mayu, 1960

Zuwa ga ƙanwata Madina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ki gaishe da maigidanki Lauwali, ki yi masa sannu da yatsu. Allah ya ba Malam lafiya, ya sa kaffara ce.

Ba zan iya zuwa ba, kuma kada ki ɗauka wani abu ne a raina. Kurkunu ya fito mini a idon sawu, ƙafar ta kumbura ba ta taka ƙasa. Kullum Ummu tana naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, kin san ba a yi masa gaggawa. Motocin En'e suna jere a tasha ana so a gyara su kafin bikin 'yancin kai, ni ina kwance ina jin direbobi suna cigiyata.

Na ba Maccido wani baƙin akwati naɗe cikin tsumma. Mita ce, da ita nake cin abinci, ban taɓa ba kowa aronta ba. Kada ta faɗi, kada a bar ta a rana. Tana da allura bayan gilashi, da waya ja da baƙa, da abin murɗawa a tsakiya. Na ɗiga jan fenti a wuri ɗaya, fari a wani, don kada ki wahala da rubutun Turawa. Ke za ki riƙa karanta takarda kina duban allura, Lauwali ya riƙe wayoyi.

Da farko ki murɗa zuwa jan ɗigo. Ya ɗora wayoyin a kan kawunan batir guda biyu. In allura ta yi baya, ya musanya su. Ya kamata ta hau ta tsaya wajen sha biyu.

Bayan wannan ya bi ƙatuwar wayar batir da hannu. Za ta kai shi wani ɗan gwangwani mai manyan notina biyu da ƙarami ɗaya. Mu solonoyi muke ce masa. Aikinsa shi ne in an danna maɓalli, ya buɗe wa babbar wuta hanya ta tafi ta juya inji. Ya sa waya ɗaya a ƙaramin noti, ɗaya a ƙarfen mota inda babu fenti, wani ya danna maɓalli. In allura ta hau, saƙo yana isowa ke nan, laifin ba na maɓalli ba ne.

Na ƙarshe, ya cire wayar batir tukuna, ya cire siririyar wayar ƙaramin noti. Ki murɗa zuwa farin ɗigo. Ki haɗa bakin ja da baƙa, za ki ga allura ta ruga har ƙarshe, alamar mita tana aiki. Sai ya sa ɗaya a ƙaramin noti, ɗaya a jikin gwangwanin. In ta ruga, lafiyarsa lau, sai mu nemi cutar a gaba. In ba ta motsa ba, zaren da ke cikinsa ya tsinke.

Ya bar wasan sufanan nan. Fetur yana kusa, kuma batir ɗaya gare ku. Ki rubuto mini abin da allura ta yi, sai in san abin da zan nemo in aiko.

Ban ce ki gaishe da Malam ba, tunda kin ce bai sani ba. In kin ga fuska, ki gaishe shi.

Yayanki,
Ɗangiwa

Kebbe, 25 ga Mayu, 1960

Yaya Ɗangiwa,

Assalamu alaikum. Sannu da ƙafa, Allah ya sawwaƙe. Da na ga Maccido shi kaɗai raina ya ɓaci, sai da na karanta na gane. Cikin sauri nika rubutun nan, fensirina ya ƙare, da tawadar Baba da alƙalaminsa nika yi.

Jikin Baba ya tsananta tun shekaranjiya. Kunu kawai shika sha, shi ma kaɗan.

Jiya da hantsi munka yi gwajin. Ni ina cikin zaure da akwatin a cinyata, an ja motar kusa, wayoyin sun iso bakin ƙofa da ƙyar, maigida shina waje da kansa cikin inji. Mutane sun taru ƙofar gida makil, kowa shina son ganin abin da ke duba cikin mota ba a buɗe ta ba. A gwajin farko allura ta hau sha biyu. A na biyu ma ta hau, har wani ya yi kabbara. A na uku na haɗa bakin wayoyi ta ruga yadda ka ce, amma da anka ɗora a jikin ɗan gwangwanin, babu motsi ko kaɗan. Mun sake, mun sake, an kankare tsatsa da wuƙa, duk ɗaya. Ya mutu. Maigida ya zauna ƙasa ya riƙe kai, ya ce sai haƙuri, nan garin ba inda za a sami irinsa.

Baba ya ji hayaniya ya tambaya. Na kai masa akwatin ya gani, na gaya masa naka ne. Ya daɗe shina kallonsa, bai taɓa ba.

Ka aiko da wani gwangwanin da gaggawa. An sake ruwa sau biyu. Maccido ba zai fita ba wannan makon, na ba wani Bafulatani mai korar shanu zuwa kasuwarku, ba mu san shi ba amma ya ce zai kai tasha.

Madina

Tambuwal, 31 ga Mayu, 1960

Zuwa ga Madina da Lauwali da dukan mutanen gidan Malam Na'iya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Takardarki ta iso a jiƙe. Mai shanun ya ce saniya ta ture shi a gulbi. Tawada ta wanke, na shanya takardar a rana na tsinci abin da ya rage. Na ga inda kika ce jikin Baba ya tsananta. Na ga mutane sun taru ƙofar gida. Na ga babu motsi, na ga ya mutu, na ga sai haƙuri. Na tambayi mutumin, ya ce shi baƙo ne, ya dai ji ana maganar wani malami a gidan, bai tsaya ba.

Na sa an tara mutanen tasha a zaurena, an yi addu'a, Ummu ta toya masa, an raba sadaka. Da ƙafata tana takuwa da yau ina cikinku.

Madina, ke ba ki san ni ba sai a suna, bari in gaya miki ko wane ne mahaifinki a wurina. Shekarar da iyayena suka rasu, shi ya je ƙauyenmu ya ɗauko ni. A wuyansa na haye gulbin nan, ruwa yana kai masa ƙirji, yana ce mini in riƙe rawaninsa kada in dubi ƙasa. Shi ya rubuta mini allona na farko. Kowa a Kebbe ya san ni yake shirya wa makarantar allonsa. Ni kuwa tun ranar da na ga mota raina yake can. Da aka zo ɗaukar soja na faɗa masa, ya ce, "Je ka," ya juya ya ci gaba da duban allunan yara. Bayan yaƙi na zo sau ɗaya. Ya amsa gaisuwata, ya tambaye ni hanya, ya sa aka kawo mini fura, shi ke nan. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Akwai abin da na so ya sani. A yaƙin Bama, can ƙetaren teku, cikin rundunarmu, ni nake jan salla. In zazzaɓi ko harsashi ya ɗauki Musulmi, ni ake kira in wanke shi, in yi masa sutura, in tsaya a gabansa. Yara ne daga Argungu, daga Katsina, daga Barno, iyayensu ba su ma san sunan dajin da suke kwance ba. Ba wanda aka binne a cikinsu kamar dabba, kuma duk da abin da Malam ya koya mini ne. Har yau ban fita tasha da safe sai na karanta abin da ya saba sa mu karantawa. Na yi ta cewa wata rana zai kira ni in gaya masa. Ga shi ni ban wanke shi ba, ban ɗauki makararsa ba.

Maganar mota kuma ta wuce. Ku ajiye mitar har a natsu. In akwai tsohon allonsa da ba mai so, a ajiye mini.

Ɗangiwa

Kebbe, 8 ga Yuni, 1960

Yaya Ɗangiwa,

Assalamu alaikum. Barka da salla. Ka zauna da kyau kafin ka karanta: Baba shina da rai. Shina nan jingine da bango, yanzu na ba shi kunu. Ɗan gwangwanin mota ne ya mutu, shi na ce babu motsi. Laifin tawadar allo ne, ita da ma don a wanke anka yi ta.

Jajiberin salla Maccido ya kawo takardarka. Ina ɗakin Baba ina yi masa fifita anka miƙo ta. Na laluba hannun yaron da ya shigo da ita ko akwai ƙullin gwangwanin, babu. Baba ya ce, "Daga Tambuwal ce? Karanta nan in ji abin da yac ce ga motar." Na buɗe na fara da ƙarfi, sai na tsinci bakina shina cewa Allah ya jiƙan Malam. Na tsaya. Ya ce, "Wane malam?" Na ce, "Baba, kuskure ne, bari in kai wa maigida." Ya ce, "Ci gaba. Ba kowa ka samun jin tasa ta'aziyyar ba."

Da na zo wajen masa da anka raba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To, ladan shina nan ajiye, zan iske shi." Da na zo wajen gulbi da rawani ya daina dariya. Da na karanta maganar Bama ya ɗaga hannu, ya ce in koma baya. Na sake karantawa. Ya ce, "Mutum nawa yaw wanke?" Na ce ba ka faɗi ba. Can ya ce, "Ni na ɗauka ya zubar da karatun duka a hanya." Ya karɓi takardar, shi da bai karanta boko, ya sa ƙarƙashin buzunsa. Ran salla ya ci ɗan nama, wanda rabonsa da tauna wani abu an daɗe.

Yanzu bari in yi maka faɗa, ko da yake kai ne babba. Kana can kana makoki, mu muna nan muna duban hanya. Lokacin da ya kamata a ce muna Sakkwato ya tafi a banza. Masu zuwa daga gulbi sun ce ruwa ya kai gwiwa, kuma kullum da la'asar hadari shina haɗuwa ta gabas. Kumburin Baba ya wuce cinya. Maigida ya fara maganar sufana kuma, na ɓoye ta cikin tukunyar daddawa.

Don Allah ka aiko da gwangwanin. Maccido ya yarda zai juyo ranar da ya isa, an ba shi aron doki. Wannan da fensir na rubuta, na aro gidan malamin asibiti.

Madina

Tambuwal, 10 ga Yuni, 1960

Madina,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Na karanta layinki na farko na miƙe tsaye na manta da ƙafa, sai da Ummu ta tare ni. Ta fita tana gaya wa maƙwabta, waɗanda suka zo mini gaisuwar mutuwa yanzu suna dawowa suna yi mini tsiya. Na yarda da faɗanki, ki ƙara wani in mun haɗu.

Amma kunya ta kama ni. Abin da na rubuta, na rubuta shi ne ga mutumin da ba zai ji ba. Ban san da wane ido zan dube shi ba.

Ga gwangwanin nan. Na sa an ɗauke ni a keke zuwa bayan tasha, na kwance shi da hannuna daga wata mota irin taku da ta faɗi bara. Na gwada shi da batir, yana cewa ƙas da ƙarfinsa. Duk da haka ki gwada shi a farin ɗigo kafin a ɗaura, doki yana girgiza kaya. Lauwali ya cire wayar batir kafin ya taɓa komai. Kowace waya ta koma inda 'yar'uwarta take a tsohon. Ya kankare wurin zamansa har ƙarfe ya yi fari, domin ta jikinsa wuta take komawa. Ya ɗaure notina tam.

A gulbi ya cire bel ɗin fanka kada ta watsa wa inji ruwa, ya shiga da giya ta ɗaya, kada ya ɗaga ƙafa har ya fita. Ku sa Malam a gaba, a zaune.

Hanyar Sakkwato ta ƙofar tasharmu ta bi. Ban ce ku tsaya ba. In Malam bai so, Lauwali ya yi oda kawai in ya zo wucewa, zan gane.

Ɗangiwa

Tambuwal, 19 ga Yuni, 1960

Zuwa ga ƙanwata Madina, a babban asibitin Sakkwato,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa lafiya, kuma likita ya ga Malam. Ƙafata da sauƙi, kurkunun ya kusa fita duka. Wani direban En'e zai kawo miki wannan.

Ummu ta ce da kuna cikin gida kin dame ta da tambayar abin da muke faɗa a zaure, ita kuwa ba ta ji ba. Hakkinki ne ki sani, ke kika haɗa wannan zama.

Ranar nan ina kwance na ji mota ta tsaya, ban ji oda ba. Na leƙa na ga laka har rabin ƙofarta, na san yadda kuka sha da gulbi. Lauwali ya gaya mini daga baya cewa da aka ɗaura gwangwanin dannawa ɗaya ta tashi, matan unguwa suka yi guɗa, kuma a tsakiyar ruwa ta yi tari sau biyu har ya fara salati. Shi da Maccido suka ɗauko Malam a hannu suka shigo da shi. Ban gane shi ba da farko. Mutumin da na sani dogo, ga shi fuska ta zube, ƙafafu kamar ba nasa ba. Aka jingina shi da bango, ni ina wancan bango, kowa ya miƙe ƙafa.

Na yunƙura zan durƙusa, ya ce, "Zauna, gurgu." Na gaishe shi ya amsa. Ina ta duban tabarma.

Sai ya ce, "Da mi kaka farawa?"

Na ce, "Wajen me, Malam?"

Ya ce, "Wankan."

Na faɗa masa tun daga niyya har ƙarshe, yana kaɗa kai kamar yadda yake yi in muna biya karatu. Ya ce, "In babu ruwa fa?" Na ce, "Sai taimama. Amma a can ruwa ya yi mana yawa, Malam, likkafani ne babu. Da bargon soja muke yi." Ya ce, "Ya isar."

Ya tambaye ni ko na san sunayensu. Na ce na san na mafi yawa. Ya ce in faɗa. Na fara kirawa ɗaya bayan ɗaya, wasu rabona da ambatonsu tun a jirgin ruwan da ya dawo da mu gida, duk wanda na kira sai ya ce Allah ya jiƙansa. Ban kai ƙarshe ba na tsaya. Ya jira ni.

Da Lauwali ya leƙo ya ce rana tana yi, Malam ya ce a ɗaga shi. Suna riƙe da shi a bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ka yi mini ta'aziyya da wuri, na karɓa. In ta gaske ta zo, kai za ka wanke ni. Na faɗa gaban shaidu." Na ce, "Allah ya ja da ranka, Malam." Ya ce, "Amin, amma ka ji abin da nic ce."

Abin da ya gudana ke nan. Mitar ta dawo lafiya, har kin ɗinka mata jaka, na gode. Lauwali ya ce yana so in koya masa aiki da ita. Na ce masa ya fara tambayar malamar da ke gidansa.

Ki rubuto mini abin da likita ya ce, kada ki rage komai.

Yayanki,
Ɗangiwa

Sakkwato, 2 ga Yuli, 1960

Yaya Ɗangiwa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a barandar asibiti, na karanta ta ni kaɗai. Na gode da ba ka ɓoye mini ba. Ka gaishe da Ummu, ka ce mata tulun man shanun da ta ba mu ya yi amfani.

Ka ce kada in rage komai. An yi wa Baba allurai, an ba shi ƙwayoyi, ruwan ya sauka sosai. Jiya ya kwanta a bayansa ya yi barci har da minshari, na zauna ina kallonsa kamar ban taɓa ganin mai barci ba. Yau ya taka da kansa zuwa wajen alwala. Amma likita ya kira maigida gefe, ta bakin tafinta ya ce zuciyar ta gaji, magani shina rage mata kaya ne kawai, ba ya mayar da ita sabuwa. Ya ce in an kiyaye zai iya ganin kaka, zai iya ganin wata daminar ma, sanin wannan sai Allah. Ya ce da mun ƙara mako biyu a gida da ba wannan maganar ake ba. Kuma dole a riƙa kawo shi duk wata ana dubawa.

Ban gaya wa Baba ba, amma ya sani. Ya ce mini, "Ɗiyata, ai ni na ji jikina kafin Bature shi ji."

Labari ya zo gulbi ya cika, ko shanu ba su hayewa. Maigida ya ce sai mu nemi ɗaki nan Sakkwato wajen wani abokinsa. Baba ya ce shi ba ya zama garin da bai san liman ba. Na ce to ina za mu, Kebbe ba ta shiguwa. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce, "Ba ni da gida Tambuwal?"

Saboda haka ka shirya. Ran Laraba za a sallame mu. A share ɗakin da ke kusa da zaure, a sa gado mai ɗan tudu wajen kai. Ka gaya wa Ummu ba ya cin gishiri yanzu ko kaɗan, kuma zai yi mata rigima a kan haka, kada ta saurare shi. Ni zan zauna tare da ku har hanya ta buɗe, maigida zai riƙa jigila tsakanin Jega da Tambuwal kafin mai motar ya dawo.

Akwai saƙo kuma, ya sa na maimaita masa don kada in canza. Ya ce littafin da kunka tsaya a tsakiyarsa shekarar da ka tafi, ya san babin, ya san layin. Ya ce bayan asuba ya fi masa sauƙin numfashi, sai ka gaya wa direbobinka su riƙa jira har rana ta ɗaga.

Ni ce ƙanwarka,
Madina